Ranar da Aka Tura Marsai

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar masu albasa a Malanville da hantsi ya ga Issufu, ko yana so ko ba ya so. Katangar gidansu gajera ce, kan tsohuwar babbar motar da ke kafe a tsakar gidan kuwa ya ɗara ta tsawo. Abin da mai wucewa ke gani shi ne tagar direba a saman katanga, da gwiwar hannu a waje, da wani dattijo mai jar dara yana duban hanya kamar mai jiran a ɗaga masa shinge ya wuce. A nan yake shan shayi, a nan yake amsa gaisuwa, a nan kuma yake gyara wa direbobin manyan tireloli tuƙi, ko da yake ba mai jinsa a cikinsu. Shi kansa ko keke bai iya ba.

Motar ta mahaifinsa ce, Sarjan Souleymane, ɗaya daga cikin samarin da Faransa ta kwasa daga bakin kogi ta kai yaƙin Jamus. Ya tafi bai san komai ba sai su da tuƙin kwalekwale, ya dawo da takalman soja, da tabo a kafaɗa, da iya tuƙin mota, da wani sabon hali na kallon Bature ido cikin ido. Garin a lokacin bai wuce bukkoki da wurin fito ba, kaya jakuna ke ɗauka. Sai abubuwa suka yi ta juyawa. Aka daina kama mutane aikin dole, aka ɗora gada a kan kogi, Bature ya naɗe tutarsa. Sarjan ya yi wa wani kamfani tuƙi har ya sayi tasa motar, ya raɗa mata Marsai, sunan garin da ya fara taka ƙasar Turawa. Albasa ta riƙa gangarawa kudu, goro da atamfa na haurowa, masu jakuna suka tsine wa motar har suka gaji, daga baya suka sayar da jakunan suka zama fasinjojinta.

Wannan duk gaskiya ne. Abin da Issufu ya ɗora a kai ne ke sa mutane riƙe baki. A bakinsa Marsai ta sha zuwa Parakou, can nesa a kudu, ta dawo tsakanin azahar da la'asar, ta ƙetare kogi a kan ƙarfe guda tun ba a gama gada ba, zaki ya taɓa bin ta har numfashinsa ya ƙare ya zauna yana kallo. In labari ya yi daɗi sai ya kama sitiyari, ya kumbura kumatu, ya yi wa jama'a kukanta: gudu-gudu-gudu-kaf, gudu-gudu-gudu-kaf. Yaran unguwa kan ce wannan ai kukan injin niƙan Inna Zeinabu ne, shi kuma ya watso musu ragowar shayi.

Zeinabu yayarsa ce, ita ke da injin niƙa a ƙarshen lungu, kuma ita ke cika masa kwano safe da yamma. Issufu bai taɓa leƙa rumfar niƙan ba, wai wurin mata ne da surutu. Ba ya gida sa'ad da Marsai ta daina aiki. Yana Kumasi neman arziki, inda ya daɗe, ya dawo da laima ɗaya da labarai masu yawa. Ya tarar an shimfiɗa kwalta, tireloli sun kwashe lodin, Marsai na tsakar gida an ɗaure murfin injinta da waya, ɗaurin Sarjan da hannunsa. Ba a jima ba tsohon ya rasu. Tun daga nan Issufu ya kafa doka, ɗaurin da Sarjan ya yi ba mahalukin da zai kwance shi. Zeinabu ta sha ɗauko masa zancen motar, amma ba ta taɓa kai ƙarshen jimla ba, don Issufu bai yarda a duniya akwai abin da zai koya game da Marsai daga bakin mai niƙa ba.

Ranar da abin ya taso yana tsakiyar ba wani mai tallan rake labarin zakin nan, sai ya ji ana ƙwanƙwasa motar ta baya. Ya leƙo ya ga Zeinabu da wani siririn mutum mai ɗan gemu. Ɗanliti ke nan, mutumin Kamba, mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda in ya shigo unguwa mata kan janye murhunansu ciki sai ya wuce. Yana zagaya motar yana shafa ta, ya fi daɗewa a wajen murfin inji, don kowa ya san a can nauyin mota yake, shi kuwa nauyi yake saye. Zeinabu ta yi bayani ba kwana-kwana. Matan da ke gumin shinkafa tare da ita ba su da wurin shanya, rabin tsakar gida mushen mota ya cinye, ta gaji.

"Yaya, Marsai kinka ce ma mushe?" in ji Issufu. "Motad da taƙ ƙetare gulbi tun gada na rabi?"

"Issufu, saurara. Abin da ba ka sani ba ga motag ga shi na..."

"Ke san niƙa, Yaya, ni na san mota. Barci takai, kuma ni ka tada ta."

Ɗanliti ya ce lalle barcin ya yi nauyi, tunda ga dogon yaro ya tsiro mata ta tsakiyar baya har ya yi rassa ba ta farka ba. Issufu ya ce itacen shi ya bar shi da gangan, don inuwar fasinja. Ɗanliti ya tambaya ko tayoyin ma da gangan suka kwanta, Issufu ya ce mai sayen gawa ba ya gane mai hutawa.

Ana cikin haka Alasan ya leƙo ta katanga. Taubashin Issufu ne, mai sayar da bandar kifi, kuma tun suna yara babu abin da ke masa daɗi kamar ya ga Issufu ya hau inda ba zai iya sauka ba. Ya ce abin ai ba na gardama ba ne. Ranar kasuwa mai zuwa, in Marsai ta shiga kasuwa da kukanta, ta zauna a gida har abada, matan shinkafa su nemi wani wuri. In ta kasa, Ɗanliti ya biya farashin da ya riga ya yanka, ya kawo amalanke. Issufu ya buga ƙirji ya amince a gaban shaidu, ya ƙara da cewa daga kasuwa zai zarce garin Guéné ya dawo kafin masu fura su gama damu. Zeinabu ta buɗe baki, Alasan ya ƙifta mata ido. Ta dube shi, ta dubi ƙanenta, ta ce to.

Aiki ya fara daga kaji. Zuri'a bayan zuri'a kajin Zeinabu a cikin Marsai suke ƙyanƙyasa, saboda haka ba su fita da arziki ba. Issufu ya bi su da tsintsiya, suka bi shi da kashi. Aka kore su duka ban da wata wake-wake da aka neme ta ƙasa da sama ba a gani ba. Yana rarrafe a ƙarƙashin motar nemanta ya dunguri gidan rina. Ya fito da baya yana shaida wa masu kallo cewa ɗan soja ba ya gudun ƙwaro, kuma bai rufe baki ba ya ranta a na kare, ya tsallake turmi, ya faɗa cikin kwatarniyar ruwan wanki. Da ya fito idonsa ɗaya ya rufe ruf, leɓensa ya yi suntum. Alasan ya yi masa barka da samun ƙiba.

Sai dogon yaro. Masu saran itace suka ce a ɗaura igiya a ja shi gabas, inda fili yake. Issufu ya ce Sarjan ya kayar da itatuwan ƙasar Turawa da suka fi wannan sau goma ba da igiya ba, su dai su sara inda ya nuna. Suka sara inda ya nuna. Itacen ya yi ɗan tunani, ya karkata yamma, ya kwanta a kan katangar hanya, ya rushe ta har ƙasa, ya haɗa da teburin mai shayin ƙofar gida. Ragunan Zeinabu suka ga duniya a buɗe suka fita gaba ɗaya, unguwa ta kwashi yini tana bin su. Issufu ya tsaya a kan ɓaraguzan katanga, sai a lokacin ya lura ƙofar gidan, wadda aka gina bayan an ajiye motar, ko amalanke ba ta shiga, balle mota ta fita. Nan take ya sanar cewa haka ya shirya tun farko, ga hanya ya buɗe wa Marsai. Mai shayi ya tambaya ko teburinsa ma na cikin shirin.

Tayoyi suka ƙi iska. Mai faci na bugawa ta nan tana fita ta can da fito, har ya ajiye famfo ya ce shi ba zai iya hura rariya ba. Issufu ya ce a fagen yaƙi ciyawa ake cusawa, ya sa aka kwaso buntun shinkafa aka ɗura har tayoyin suka ɗan miƙe. Ya sayo gazuwal a kwalabe a bakin hanya ya zuba a tanki, man ya ratsa ta ƙasa ya bi tsakar gida yana neman hanyar rariya. Ya kwaɓa sabulu ya liƙe ramin, ya sake zubawa, wannan karon ya tsaya. Da jama'a suka tafa, sai ya sunkuya musu kaɗan.

Daga nan ya ɗauko manibel, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake zurawa ta hancin tsofaffin motoci a murɗa su tashi. Ya tofa yawu a tafi, ya gargaɗi mata da yara su ja baya, don in Marsai ta yi tarin farko tsoro na iya sa mai ciki haihuwa. Ya zura, ya tattara ƙarfinsa duka ya murɗa. Ƙarfen ya juya fiu ba abin da ya tare shi, ya kwashe Issufu ya yi da shi ƙasa. Ya tashi yana kakkaɓe riga, fuskarsa cike da murna.

"Kun ji laushi?" ya ce. "Moter ke nan, inji na Turawan zamanin da. Kamar man shanu. Turi kaɗai taka so."

Ɗanliti ya ce ko za a ɗan ɗaga kapo, wato murfin inji, a duba lafiyar moter ɗin, ya kai hannu wajen wayar. Issufu ya make hannun da manibel. Zeinabu, wadda ta dawo daga kamun raguna gumi na karyo mata, ta ce, "Issufu, don girman Allah, moter ɗin da kaka magana..." Ya ce ta je ta ji da dawar mutane, maza na aiki.

Ranar kasuwa tun da hantsi lungun ya cika maƙil. 'Yan kabu-kabu sun jingine baburansu sun bar fasinja, 'yan dako sun bar lodi, har fataken da suka ƙetaro daga Gaya sun ji labari sun biyo. Issufu ya fito cikin kakin Sarjan, wanda ya ƙi haɗuwa a tumbi, da lambobin yabo a ƙirji, da takalman soja da suka yi masa yawa har sai da ya cusa tsumma. Idon da rina ta harba ya fara buɗewa kaɗan. Wani baƙon manomi daga ƙauyen Toumboutou, wanda bai san Issufu ba, ya ji ana cewa lodin farko kyauta ne, ya ɗora buhunan albasarsa a baya, daidai kan ramin da dogon yaro ya bari. Issufu ya gayyaci Alasan ya zauna gefensa a matsayin babban baƙo. Alasan ya ce ƙafarsa na ciwo, zai bi su da addu'a.

Aka sa kafaɗa. Marsai ta yi ƙara, ta girgiza, ta fita daga ramukan da ta kafe a ciki tun kafin a haifi yawancin masu turin, ta tsallake ɓaraguzan katanga ta hau hanya. Masu turi suka yi mamaki, suka ce motar ba ta da nauyi ko kaɗan, amalanken siminti ya fi ta. Issufu ya leƙo ya ce ƙarfen Faransa ke nan, ƙarfi ba nauyi. Ɗanliti, da ke tafe a gefe yana murmushi, ya ji maganar rashin nauyin nan sai murmushin ya ragu. Ya sa hannu ɗaya ya gwada turawa da kansa, ya koma gefe yana shafa gemu.

Suka miƙe hanya, Issufu na ta danna abin da ƙafarsa ta samu yana cewa ta kusa kamawa, a ƙara ƙarfi. Tayoyi na fesar da buntu, kajin unguwa na biye suna tsattsaga. Buhun farko ya yage a bakin ramin, albasa ta fara sauka ɗaya-ɗaya, awaki suka shiga layi bayan kaji, mai albasa ya shiga bayan awaki yana kururuwa ba mai jinsa. Daga gidan zuwa kasuwa ba wuya, a mararraba za a karya hagu. Wanda ya miƙe kuwa gangaren bakin kogi zai bi, inda ake lodin jirage.

Dab da mararrabar hanya ta fara sunkuyawa, motar ta ɗan ƙara sauri da kanta. Iska ta shigo ta taga ta bugi fuskar Issufu. Rabonsa da jin iska a wannan kujera tun yana ɗan yaro a kan cinyar Sarjan, yana riƙe da gefen sitiyari ana ce masa shi ke tuƙi. Daɗi ya cika shi har wuya, kumatunsa suka kumbura bai sani ba, sai ga kukan ya fito da ƙarfin da bai taɓa yi ba: gudu-gudu-gudu-kaf! Masu turi suka ji, wani ya ce ta tashi, suka saki gaba ɗaya suna tsalle, mata suka rangaɗa guɗa. Issufu da kansa ya yarda ta tashi. Ya fiddo hannu yana gaida jama'a.

Da ya iso mararraba ya murɗa sitiyari hagu. Sitiyarin ya juya, ya sake juyawa, da irin laushin nan na manibel, motar kuwa ta miƙe abinta. Ya taka birki, ƙafarsa ta fasa ruɓaɓɓen ƙarfen ƙasa ta wuce, takalmin Sarjan ya zame ya tafi, ya ga hanya na gudu a ƙarƙashin tafin ƙafarsa. Ya matsa robar oda, ƙadangare ya fito daga ciki ya hau hannunsa. Jandarma Abdurazak, mai tsaron mararrabar, ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga hannu yana busa usur, ya ga abin ba na tsayawa ba ne, ya yi tsalle ya nutse cikin tarin kwandunan tumatir. Issufu ya sara masa yana wucewa, don ko a halin mutuwa ɗan soja ba ya wuce mai kaki haka nan. Bakinsa bai daina aiki ba, sai dai yanzu kukan ya gauraye, gudu-gudu ɗaya, salati ɗaya.

A bakin kogi 'yan dako na ɗora buhunan shinkafa a jirage. Suka ɗaga kai suka ga tsohuwar mota na gangarowa da dattijo cikin kaki, da kaji da awaki da rabin gari a bayanta. Kowa ya yar da abin da ke kansa. Marsai ta ratsa tsakanin jirage biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba, abin da Issufu ya daɗe yana tunatar da mutane daga baya, ta cusa hanci cikin laka, ruwa ya kai rabin taya, ta tsaya cak. Jijjigar ta tsinke wayar Sarjan. Murfin inji ya ɗaga a hankali yana ƙara, ya tsaya a buɗe a gaban duk wanda ke da ido.

Ba komai a ciki sai wani tsohon kwando da ya maƙale a kan ƙarfe, da kazar nan wake-wake kwance a kan ƙwanta. Ta dubi jama'a ta gefe ɗaya, ta juya ta dube su ta ɗayan, ta gyara kwanciya.

Wanda ya fara kuka Ɗanliti ne. Ya tattare riga ya shiga laka, ya leƙa, ya zura hannu har kafaɗa ko injin ya faɗa ƙasa, kaza ta sare shi, ya ɗora hannu a ka yana tambayar ina moter. Jama'a kuwa dariya har da masu zama a ƙasa. Issufu ya sauko da takalmi ɗaya, ya zagayo, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Da ya ɗago sai ya sanar da babbar murya cewa an yi sata, an sace moter ɗin Sarjan, kuma ba wanda zai bar bakin gulbi sai an caje shi. Ya tuhumi Ɗanliti, ya tuhumi 'yan kabu-kabu, ya nuna ƙetaren kogi ya tuhumi mutanen Gaya baki ɗaya. Ya cafke hannun jandarma, wanda ya iso yana share tumatir daga kunne, ya ce a buɗe bincike.

Abdurazak ya ce to, Baba, yaushe rabonka da ganin moter ɗin da idonka?

Issufu ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa. Ya lalubi shekarun duka, tun dawowarsa Kumasi har safiyar nan, bai sami rana ɗaya ba. Mutanen Malanville ba su taɓa jin Issufu ya yi shiru ba, saboda haka su ma suka yi shiru don su ji yadda abin yake.

"Alhamdu lillahi," in ji Zeinabu daga bayan taro. "Tunda Allah ya kawo ranad da bakinka ya tsaya, taho in gwada ma ɓarawon."

Ta juya, ya bi ta yana ɗingishi, gari ya bi su. Suka hau gangaren, suka wuce mai albasa yana kokawa da akuya, suka shiga unguwa, suka wuce rusasshiyar katanga. Tun kafin su karya kwanar lungu Issufu ya fara jin abin, tafiyarsa ta ragu. Gudu-gudu-gudu-kaf. Gudu-gudu-gudu-kaf. Kullum yana jin wannan kukan daga kujerarsa, yana zaton a cikin kansa yake, tsabar tuna uba.

A cikin rumfar, bayan layin kwanonin dawa da masara, wani baƙin inji ne kafe a kan dakalin siminti yana jan bel, gari ya yi masa furfura. A wuyansa an ɗaura wata laya mai jar fata da ta ƙoƙe. Issufu ya san layar. Da ita Sarjan ya tafi yaƙi, da ita ya dawo.

Zeinabu ta ɗaga murya saboda ƙara, ta ba shi labarin a gaban kowa, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse ta. Da tireloli suka zo aka daina kiran Marsai, Sarjan ya zauna yana kallonta har abin ya ishe shi. A lokacin matan unguwa tun asuba suke kan turmi, hannuwan Zeinabu duk kanta. Ya ce abin da ya iya juyawa bai kamata ya zauna banza ba. Ya tara maza suka ciro injin da igiya da gungumen itace, ya kafa shi nan, ya koya mata tada shi. Matan da suka huta da daka su ne suka fita kasuwa, wasunsu yanzu su ke ba tirelolin nan lodi. Ta canza masa sassa ba iyaka, amma tarin nan na ƙarshe ya ƙi barinsa. Alasan ya sa baki ya ce shi ya riƙe igiya ranar.

"Tuwon da kaka ci tun da ka komo Kumasi," in ji Zeinabu, "Marsai ta ka niƙa shi."

Issufu ya tambaya, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba, mi ya hana a gaya masa.

"Baba yac ce, in ka tambaya a gaya ma. Ba ka tambaya ba. Ni kau na so in hwaɗi ko ba tambaya, ba ka bari ba."

Ya matsa ya ɗora tafinsa a jikin injin. Da ɗumi, yana rawa a ƙarƙashin hannunsa daidai yadda kujerar kan yi a kan hanyar Parakou. Kewar tsohon ta taso masa gaba ɗaya, hawaye suka zubo ta lafiyayyen idon da kumburarren duka. Ya ce barkono ake niƙawa. Matan da ke layi suka dubi kwanoninsu na dawa.

Da la'asar Ɗanliti ya jawo gangar jikin Marsai daga laka da shanun noma, yana mita cewa kwando ya saya da kuɗin mota. Kazar dai an sauke ta da ƙwanta kafin a tafi. Jandarma ya sa Issufu tsintar albasa tun daga mararraba har bakin ruwa, cikin kakin Sarjan da lambobin yabo, Alasan na biye yana nuna masa waɗanda ya tsallake. Abu biyu kawai Issufu ya roƙa a bar masa, kujerar direba da sitiyari, Ɗanliti ya ce ya ɗauka, su ma ba nauyi gare su ba.

Yanzu in ka ratsa unguwar za ka ga shinkafa shanye a inda motar take. Issufu kuwa sai ka shiga lungu. Ya kafa kujerar a gefen injin, ya dasa sitiyarin a kan turke, jar darar ta koma fara fat da gari. Yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi tun farko ya san inda moter yake, ya tura motar gulbi ne don ya gwada hankalin mutanen gari. Matan da ke kawo niƙa sun daina musu da shi. In layi ya cika, Zeinabu ta ɗora bel, sai wata ta ce, Baba Issufu, yau ina muka nufa?

"Parakou," ya kan ce, yana gyara zama. "Kowa ta riƙe kwanonta da kyau, hanyag ga akwai gargada."